Inuwar da Maigandi Ya Dasa

Duk wanda ya san fadamar Wurno a zamanin Turawa, tun kafin babban yaƙinsu na biyu, ya san lambun Maigandi ɗan Yari. Ba wani ƙaton wuri ba ne. Fangali ne 'yan kaɗan, da rijiya guda mai jigo, da lemun tsami biyu a bakin darni. Amma albasar da ke fitowa a cikinsa, kai guda sai ya cika tafin hannun babban mutum. Maƙwabtansa iri ɗaya suke dasawa, ruwa ɗaya suke ja, amma tasu ba ta kamo ƙafar tasa. Sai suka haƙura suka ce hannunsa ne.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, marar yawan magana. Matarsa Kyauta mutuniyar Rabah ce, mace mai zafin nama, wadda ba ta iya ɓoye abin da ke ranta. Suna da 'ya guda, Asta. Ƙanensa Halliru yana zaune gida ɗaya da su, saurayi ne da ya fi son zaman kasuwa a kan jan guga.

Wata rana da rani wani Bature mai rangadi ya biyo ta fadama a kan doki, da tafintansa a baya. Ya ja linzami a bakin darnin Maigandi, ya daɗe yana kallo, ya tambayi sunan mai wurin, ya rubuta a ɗan littafi. Maigandi ya ciro albasa mafi kyau ya miƙa masa, don baƙo ne. Bayan kwana goma maigari ya aiko kiransa.

"Maigandi, arziki ya bido ka," in ji maigari. "Baturen babbar makaranta ta birni na son mai lambu. Uban ƙasa ya ce kai anka zaɓa."

"Ranka shi daɗe, mi niy yi?"

"Ba laihi kay yi ba. Wata ukku na. Ka dasa musu itace ka komo gida."

"Albasata ko ba ta isa cira ba."

"Ga Halliru nan. Ko ba ɗan'uwanka ba na?"

A gaban maigari da dattijai biyu Maigandi ya damƙa wa Halliru amanar lambun. Da ya koma gida, Kyauta na ɗaura masa guzuri ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Ni dai ban taɓa ganin wanda Nasara yak kira ya komo ranar da anka ce ba." Ya tsinko lemun tsami huɗu ya jefa a burgami, ya kama hanyar Sakkwato a ƙasa.

Makarantar tana can gefen birni, a kan wani fili mai jar ƙasa da tsakuwa. Dogayen ɗakuna ne masu rufin kwano, da ɗakunan kwana, da madafa, da ɗan masallaci, sai gidan Bature can nesa kaɗan. Ɗalibanta ba yara ba ne. Samari ne, wasu har da aure a garuruwansu, ana horar da su su zama malamai da akawu. Duk faɗin filin babu itace sai wata tsohuwar tsamiya a kusurwa, wadda leburorin gini suka ƙi sarewa. In rana ta take, sai ka ga samari sun jeru a gindin bango, sun maƙale kamar ƙadangaru, suna bin 'yar siririyar inuwa da littattafansu a cinya.

Shugaban makarantar Bature ne da ɗalibai ke kira Mai Lofe, domin lofen taba ba ya barin bakinsa. Abin da yake so a fili yake. Ya sa aka ja igiya, aka kafa turaku, aka ce Maigandi ya dasa dogonyaro a jere, taki goma-goma tsakani, ya kewaye kowanne da duwatsu a shafa musu farar ƙasa. Maigandi ya yi. Da garwa biyu rataye a sanda yake ɗauko ruwa daga rijiya, tun hantsi har kafaɗarsa ta yi kanta. Wata uku suka cika, ya je ofis ya durƙusa. Aka ce dashen bai kama ba tukuna, ga awaki ga gara, ya bari damina ta sauka. Damina ta sauka ta ɗauke, aka ce ai yanzu ne ma suka fi bukatar ruwa.

A wannan ranin na biyu ne ya fara abin da ba wanda ya sa shi. Bayan madafa akwai wani lungu da ake zubar da ruwan wanke-wanke, wuri mai ɗoyi da ƙudaje, ba mai bi ta nan. Maigandi ya ga ruwa na tafiya a banza, abin ya tsaya masa a rai. Ya haƙa 'yar magudana, ya tara ruwan a rami, ya zuba yashi da gawayi ya tace shi. Akwai wani Bafillace, Bube, mutumin wajen Rimawa, da kan sauko da shanu kusa da birni kowane rani, sun san juna tun a fadama. Shi ya riƙa ba shi taki. Maigandi ya shuka 'ya'yan lemun da ya zo da su daga gida, ya sa gwanda da zogale, ya ja shingen lalle, ya kafa rumfa ya sakar mata duma. Daga ƙarshe ya kwaɓa ƙasa ya gina ɗan dakali. Ba don kowa ya yi ba. Wurin da zai yi sallar azahar ya miƙe bayansa yake nema.

Wanda ya fara gano shi Malam Atiku ne, matashin malamin lissafi. Ya zagayo neman mai dafa abinci, sai ya tsaya cik. Ganye ya rufe sama, ƙasa a share, iska mai sanyi na ratsowa, ga mutum zaune a dakali yana gyaran ƙotar hauya.

"Salamu alaikum. Wa yay yi wurin ga?"

"Ni na, Malam. In an hana sai in tuge."

"Wa za shi hana? Mutumin ina na kai?"

"Wurno."

Malam Atiku ya yi dariya, ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba. Shi ɗan Rabah ne. Da ya ji Kyauta 'yar garinsu ce, har ya san gidansu, daga ranar ya riƙa kiran Maigandi surukinmu. Kusan kullum bayan la'asar yakan zo da goro, su raba, su yi hirar gulbi da kasuwar Goronyo da mutanen da suka sani.

Ɗalibai ba su daɗe ba su ma suka gano. Da farko ɗaya-ɗaya suke zuwa, su yi sallama a bakin lalle, su ce, "Baba, a shigo?" Da wurin ya yi musu kaɗan, Maigandi ya koma gindin tsamiya. Ya cire tsakuwa, ya baje ƙasa, ya yi ta jido rairayi daga bakin gulbi har wurin ya yi laushi kamar shimfiɗa, ya binne randa rabi a ƙasa da moɗa a kai. Ya sake samun wani saƙo tsakanin bangon masallaci da shinge, inda rana ba ta kaiwa sai ta kusa faɗuwa, ya dasa gwaiba biyu ya ajiye kututture. Kowane wuri da irin mutanensa. Gindin tsamiya na masu karatun taro ne da gardama. Saƙon masallaci na masu hadda ne, da waɗanda ke son barcin rana ba a gan su ba. Bayan madafa kuwa, wanda suka sa wa suna Fadama, na wanda wasiƙa ta zo masa daga gida ne, ko wanda ya faɗi jarrabawa yana son ya yi hawayensa ba idon kowa. In irin wannan ya shigo, Maigandi ba ya tambayarsa komai. Sai ya juya masa baya ya ci gaba da cire ciyawa, in zai fita ya ajiye masa gwanda a gefen dakali. Duk shekara in sababbin ɗalibai sun zo, tsofaffi kan zagaya da su wuraren nan kafin ma a nuna musu ɗakin karatu.

Gaskiya in za a faɗa, Maigandi ya ji daɗin shekarun nan. A Wurno ana yaba albasarsa, amma ba wanda ya taɓa zama cikin aikin hannunsa ya yi ajiyar zuciya.

A shekara ta uku Kyauta ta biyo matan Fulani ta zo birni, da Asta a gefenta. Ta ga bukkar da yake kwana a bayan shinge, cikin sauran leburori. Ya shigar da ita Fadama da sassafe yana ɗan murmushi, yana jira ta yaba. Ta dubi lemun da suka kai ƙugu, ta dubi rumfa, ta ce, "Ashe nan kaz zuba ƙarhinka." Kwana goma sha biyu ta yi. Ta ce ita ba ta iya zama inda ake buga ƙarfe a ce mutum ya tashi, a buga a ce ya ci, ta ɗauki 'yarta ta koma. Daga nan sai shi ke zuwa, sau ɗaya a shekara, tsakiyar damina, ya yi kwana bakwai ko takwas. Duk zuwa sai ya tarar Halliru ya ƙara sanin aiki, ya yi aure, ya ƙara fangali. Da can yakan ce lambun Yaya. Daga baya ya koma cewa lambunmu.

A shekara ta biyar Malam Atiku ya zo masa da labari. "Surukinmu, dogonyaro sun kama. Na ji Mai Lofe na hwaɗin in kana son tahiya gida yanzu ba mai riƙe ka. Sai a ɗauko wani."

Maigandi ya dubi lemun da suka fara fure a karon farko. "Wani ba shi san hannunsu ba," ya ce. "Bari su yi ɗiya in gani, sannan."

Lemun suka yi 'ya'ya. Sai gwaiba ta kamu da tsutsa, ya ce bari ta warke. Yaƙi ya zo, aka kwashe rabin leburori, ya ce in ya tafi yanzu komai zai bushe. Aka ɗaura wa Asta aure da wani manomi na Marnona, ya je ya kwana uku kamar baƙon da aka gayyata, ya dawo.

A shekara ta goma sha ɗaya Razdan, babban Baturen lardi, ya kawo ziyara da matarsa. An share fili, an sake shafa wa duwatsu farar ƙasa, ɗalibai sun jeru. Ana cikin zagayawa matar ta hangi kore a bayan madafa, ta ratse ta nufi can, dole kowa ya bi ta. Ta shiga ƙarƙashin rumfa, ta tafa hannu, ta yi ta magana da sauri tana shafa ganyen lemu. Mai Lofe, wanda ƙafarsa ba ta taɓa taka lungun ba, ya cire lofe daga baki ya shiga yi mata bayani yana nuna nan yana nuna can. Maigandi na tsugune a bayan lalle da garwarsa. Ba ya jin Turanci, amma ya ga Malam Atiku ya sunkuyar da kai.

Da yamma ya tare shi. "Malam, mi yac ce mata?"

"Yabo na sunka yi. Wurin ya yi musu kyau."

"Na ga haka. Mi yac ce?"

Malam Atiku ya daɗe yana murza goro a hannu. "Ya ce shi yat tsara wurin. Ɗalibai sunka dasa, cikin darasin noma."

"Ni hwa?"

"Ya ce akwai lebura mai ba su ruwa."

Maigandi ya gyaɗa kai. Ya ɗauki garwa ya nufi rijiya, ko da yake ya riga ya gama ban ruwan ranar.

Ba a yi wata guda ba aka rushe dakalin. Kafinta ya kawo benci biyu da tebur, aka shafa musu koren fenti. Aka kewaye wurin da waya aka sa 'yar ƙofa. Fadama ta zama wurin shan shayin Turawan makaranta da baƙinsu bayan la'asar. Aka hana ɗalibai shiga. Shi kansa Maigandi da hantsi kawai yake shiga, ya ba da ruwa, ya share ganye, ya goge kashin tsuntsu daga benci, ya fita. Wata rana azahar ta riske shi a ciki ya tayar da salla a gindin lemu. Yana sallamewa kukun Bature ya zo ya tsaya a kansa, ya ce, "Maigida ya ce kada shi ƙara gani." Bai ƙara ba. Amma bai rage wa itatuwan ko moɗa guda ta ruwa ba, shekara shida cur, domin a ganinsa su ba su yi masa laifi ba.

Mai Lofe ya tsufa ya koma ƙasarsu. Aka kawo wani sabon Bature, matashi, da amaryarsa. Damina ta farko zazzaɓi ya kwantar da ita har aka fid da rai, da ƙyar ta tashi. Hankalin mijin ya tashi, ya kira likita da ma'aikatan duba-gari su gano inda sauro ke fitowa. Suka zagaya makaranta da sanduna suna leƙa kowane lungu. A Fadama suka tsaya a bakin ramin ruwa.

Maigandi ya matso ya durƙusa. Ya ce a gaya wa Bature akwai ƙananan kifi a ramin, shi ya kawo su daga gulbi, su ke cinye 'ya'yan sauro, a ɗebo a gani. Ya ce sauron daga kududdufin bayan gidan Bature yake, inda aka haƙi ƙasar gini. Babban ma'aikacin duba-gari ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai likita na?"

"A'a, ranka shi daɗe."

"To rufa muna baki."

Ba a fassara maganarsa ba. Washegari umarni ya fito. A cike ramin. A sare duk wani abu mai duhun ganye da ke kusa da gine-gine, gwanda da duma da lalle da gwaiba da lemu. A fasa randar gindin tsamiya. Dogonyaro kaɗai za a bari, da tsamiyar, ita ma a rage mata rassa.

Maigandi ya je wurin helma, shugaban leburori, ya roƙe shi ya sa wani. Helma ya ce, "Aikin lambu naka na. Wa kaka so in sa, mai shara?" Ya je wurin Malam Atiku, wanda yanzu ya zama babba cikin malamai, yana da ofis nasa. Malam Atiku ya sa hula ya shiga wurin Bature. Bai daɗe ba ya fito, ya ce, "Na yi magana, surukinmu. Ba a ji ba. Mutumin ga matarshi yaka gani kwance, ba itace ba." Daga ranar, in ya hango Maigandi sai ya canza hanya.

Kwana uku ya yi yana saran. Ya fara da duma da gwanda, don su ba su da wuya. Rana ta biyu ya tuge lalle, ya sare gwaiba, ya ɗauki dutse ya fasa randa. Ɗalibai na wucewa da littattafai a hammata, idonsu a ƙasa. Jarrabawa ta kusa, ba mai son a kai sunansa ofis. Ɗaya ne kawai ya rage tafiya ya ce, "Sannu, Baba," ya wuce da sauri. Lemun ya bari sai rana ta uku. Sun fi rufin madafa tsawo, sun yi 'ya'ya har rassa na taɓa ƙasa. Ya tofa yawu a tafi, ya yi bisimilla kamar mai yanka, ya ɗaga gatari. Itacen lemu tauri gare shi, sai da la'asar na ƙarshe ya faɗi. Leburori suka zo da kwanduna suna tsintar 'ya'yan suna raha. Shi ya zauna a kan kututture, ƙaya ta yayyage masa damatsa bai ma sani ba.

Ƙarshen watan aka kira shi ofis. Akawu ya ce tun da babu lambu, dogonyaro kuma sun girma ba su bukatar ruwa, aikinsa ya ƙare. Aka ba shi takardar shaida. Ya tambayi akawun abin da ke ciki, ya ce an rubuta cewa shi lebura ne mai biyayya. Shekara goma sha bakwai ke nan da wata ukun maigari.

A Wurno an karɓe shi da fara'a. Halliru, wanda yanzu ya yi ƙiba yana da 'ya'ya maza huɗu, ya yanka masa zakara. Lambun ya ninka uku, rijiya biyu. Kwana uku Maigandi yana hutawa. A na huɗu ya saɓa hauya ya gangara fadama, ya tarar da Halliru a bakin jigo.

"Yaya, ina za ka da hauya?"

"Lambu."

"Wane?"

Suka dubi juna. Halliru ne ya fara kawar da ido, amma muryarsa ba ta yi rawa ba. "Yaya, shekara sha bakwai ni ka jan guga wurin ga. Rijiyar da kab bari ta rushe tun tuni, ni nis sake ta. Shekarar da ruwa yac ci fadama ni niy yi ta kwasar yashi da kaina. Da wanga lambu niy yi ma Asta kayan ɗaki. Ɗiyan ga huɗu nan sunka tashi. In ka karɓe, ina za ni da su?"

"Amana nib ba ka."

"Ta wata ukku."

Magana ta kai gaban maigari. Tsohon ya rasu, ɗansa ne a kan buzu, dattijan nan biyu ma duk ƙasa ta rufe su. Sabon maigari ya saurari kowa, ya ce shi tun da ya yi wayo Halliru yake gani a wurin, kuma ba a tayar da mai iyali daga abincinsa. Amma don zumunci a yankar wa Maigandi wani yanki. Yankin da aka yankar masa yana can sama, bakin tudu, inda ƙasa ta yi fari da kanwa, ruwa ba ya hawa sai an ɗauka a kai.

Ya koma gida ya zauna a ƙofar ɗaki. Kyauta na tankaɗe, ta tsufa, da sana'ar daddawa ta riƙe kanta duk shekarun nan. Ya ce, "Kin ji abin da anka yi min."

Ta ajiye rariya. "Na ji. Nasara ya cuce ka, maigari ya cuce ka, ƙanenka ma ya cuce ka. Duk gaskiya na. Amma Malam Atiku ya zo Rabah ganin gida, shekara sha biyu da sunka wuce, ya hwaɗi ma yayana an sallame ka kak ƙi tahowa. Tun sannan nis sani. Ban hwaɗi ma kowa ba, ko Asta. Kullum damina ina jiran ka hwaɗa min da bakinka."



"Itace kaz zaɓa," ta ce. "To ga shi sun sa ka sare su." Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba.

Bai iya zaman Wurno ba. Kowace safiya sai ya ji ƙarar jigon Halliru daga ɗakinsa. Yankin kanwar bai ko sa masa hauya ba. Da kaka Bube ya biyo ta garin, ya tsufa shi ma, ya daina yawo ya kafa ruga kusa da Rimawa. Ya ga yadda abokinsa ya koma, ya ce ya zo su zauna. Maigandi ya tambayi Kyauta ko za ta bi shi. Ta ce a'a, ita Marnona za ta, wurin Asta da jikoki. Bai sake ta ba, ita ma ba ta nemi saki ba.

Shekara bakwai ya yi a can. Da rani yakan yi wa masu albasa na wajen Goronyo ban ruwa, duk wanda ya kira shi, a ba shi abin da aka ba shi. Har yanzu in ya dasa sai ta fi ta kowa, amma ba ya tsayawa ya ga cira, kuma ba ya yi wa mutum ɗaya aiki shekara biyu a jere. Ya zama mai saurin fushi, yara na tsoronsa. Wata rana a kasuwar Goronyo wani malamin elementare mai suna Yusufu ya gane shi, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi. Ya ce a gindin tsamiyarsa ya yi karatun da ya ci jarrabawa. Ya ce makarantarsu fili ce fetal, yara na ƙonewa a rana, ko Baba zai zo ya sa musu albarkar hannunsa.

"Kana nan ranar da nis sare su?" in ji Maigandi.

Yusufu ya ce, "Ina nan, Baba."

"Mi kac ce?"

"Ban ce komi ba."

"To nima ba ni da abin cewa. Gai da yaran." Ya juya ya shige cikin kasuwa.

Ya rasu da damina, shekara biyu kafin Turawa su tafi, bayan tari na wata guda. Bube da 'ya'yansa da wasu makiyaya uku suka yi masa sutura. Labari bai kai Wurno ba sai da kasuwa ta ci. Halliru ya zo ran kwana bakwai, ya yi kuka sosai, kuma waɗanda suka gani sun ce kukan gaske ne. Kyauta ta iso washegari tare da Asta, a ƙasa suka tako daga Marnona. Ba ta nemi a kai ta kabari ba. Ta zauna a bukkar Adama, matar Bube, ta sha ruwa. Can ta tambaya ko yana cin abinci sosai a shekarun nan. Adama ta ce ba sosai ba, in an kai masa fura sai ya sha rabi ya ture ƙwaryar. Kyauta ta gyaɗa kai. Da gari ya waye ta yi musu godiya, ta ce da Asta su kama hanya tun rana ba ta yi zafi ba.